Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Tseren Babur a Kan Ciyawa a Damagaram

Tseren babur a kan ciyawa ya yi ƙarfi ne a Ingila tun shekarun 1920, inda ake zagaya fili mai siffar ƙwai, galibi sau huɗu, ana karkata hagu. Mai son kafa irin wannan ƙungiya a Damagaram, fili ne zai fara ba shi wahala, domin ciyawa ba ta tsayuwa a nan sai daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da gero ke gona kuma makiyaya ke neman wurin kiwo.

Saboda haka, kafin a tayar da babur ko guda, a je wurin mai gari da mai filin a nemi yardarsu a gaban shaidu. A nemi fili mai taurin ƙasa, domin yashi yana cinye taya. Sannan a bi filin da ƙafa, a tsince duwatsu da ƙaya, a cike ramukan gafiya, waɗanda ciyawa ke rufewa har sai tayar gaba ta faɗa ciki.

Daga nan a rubuta dokokin ƙungiya, a zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a kai takardu ga hukuma bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984. A shekarar farko, a ganina, atisaye ya wadatar. Ƴan kabu-kabu za su fi kowa zuwa, kuma duk wanda ya zo da silifa, ko babu hular kwano, a mayar da shi ko da ɗan shugaba ne.