Firij ya daina sanyi bayan mun tashi, ga yadda na gyara

Alhamdulillah yau dai mun sha ruwan sanyi. Ranar Asabar muka koma Hotoro, ƙannena suka kwaso kaya a a-kori-kura, ashe kwantar da firij ɗin suka yi. Muna isa na jona, yana ƙara amma ba sanyi. Na canja soket, a banza, har na fara cewa gas ne ya tsiyaye. Yaya ne ya ce man da ke cikin kwamfireso (injin firij ɗin) ne ya gangara cikin bututu saboda kwantar da shi da aka yi. Na zare filogi, na bar shi tsaye awa 24, na matso da shi taƙi ɗaya daga bango, sannan na jona na sa maɓallin sanyi a lamba 3, ban buɗe ba awa 4. Ƙanƙara ta kama. Allah ya saka wa Yaya.