Otal ɗin "komai a ciki" a bakin teku: yadda za ka gane ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu

Duk mai neman zuwa hutu Masar ko Turkiyya ko Zanzibar ya san wannan fakejin da ejan-ejan ke ta tallatawa, all inclusive, wato komai a ciki, ka biya kuɗi sau ɗaya tun kana gida, ɗaki da abinci sau uku da abin sha da wurin iyo duk an haɗa, kana isa a ɗaura maka wata roba a hannu shikenan, ka ci ka sha ba mai ce maka kawo sisi. Tsarin ya daɗe, kamfanin Club Med ne ya fito da shi tun 1950 a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen. Kuma gaskiya akwai kwanciyar hankali a ciki, ban musa ba. Amma dan Allah kar ka biya sai ka yi lissafi, saboda an gina farashin nan ne a kan wani irin baƙo daban da mu.

Abu na farko shi ne giya. Bature yana biyan wannan fakejin ne da yawa saboda ya kwana ya wuni yana sha a bakin ruwa ba tare da ya ciro walat ba, otal kuma ya riga ya saka kuɗin wannan shan a kan kowane babba. Kai da ruwa da shayi da lemun kwalba kawai za ka sha, toh kuɗin wa kake biya? Wannan abin yana damuna sosai, mutum ya yi shekara yana tara kuɗi sannan ya je ya cika wa wasu kofi bai sani ba. Don haka tambayar farko da za ka yi wa otal ko ejan ita ce ko suna da fakeji marar giya, wasu suna rubuta shi da soft all inclusive, a Masar ana samu. A Turkiyya kuma, musamman wajen Alanya a jihar Antalya, akwai otal-otal na halal gaba ɗaya, babu giya ko kaɗan, akwai masallaci, akwai wurin iyo na mata zalla da aka kewaye, wanda ga 'yan uwa mata wannan kaɗai ya canza tafiyar baki ɗaya, don me amfanin wurin iyo guda biyar idan hajiya ba za ta iya shiga ko ɗaya ba?

Sai lissafin. Ka buɗe otal ɗin da kake so a Booking.com ko shafinsu, ranaku iri ɗaya, ɗaki iri ɗaya, ka duba farashi kala uku: da karin kumallo kawai, da half board wato safe da dare, da kuma komai a ciki. Ka cire ɗaya daga ɗaya ka raba da yawan kwanaki da yawan mutane. A ce misali bambancin half board da komai a ciki ya kama dala 30 kan kowane mutum a rana, sai ka tambayi kanka tsakani da Allah, abincin rana da lemu biyu da kofi a garin nan za su ci dala 30? Idan ba za su ci ba ka ɗauki half board ka huta. Sau da yawa ma wanda ya ci bufen safe, wato abincin da ake jerawa kowa ya ɗiba, da ƙarfe goma ya ƙoshi ba ya neman komai sai bayan la'asar.

Inda lissafin ke juyewa shi ne idan otal ɗin ya killace ka. Maldibs, ƙasar tsibirai a Tekun Indiya, ita ce babban misali, can kowane babban otal yana da tsibirinsa shi kaɗai, ba shago ba gidan abinci a waje, duk abin da suka ce maka kuɗin ruwan gora ne shi za ka biya, ga kashi 10 na hidima ga haraji kashi 17 da ake ɗorawa a kai tun watan Yulin 2025. A irin wannan wurin ni ban ga dalilin da zai hana ka biyan komai tun farko ba. Sai dai ka tambaya ko kuɗin ɗaukoka daga filin jirgin Male, babban birnin ƙasar, yana ciki, don wasu tsibiran sai da ƙaramin jirgin nan mai sauka a kan ruwa, yana da tsada sosai kuma da rana kawai yake tashi, idan jirginka ya sauka da dare sai ka kwana a gari da kuɗinka.

Haka mai yara. Idan kana da yara uku huɗu, wannan yana son ayis kirim wancan yana son cips kowane minti talatin, fakejin yana taimakawa ƙwarai, kuma yana raba ka da faɗa da su a kan kuɗi. Ka duba shekarun da suke lissafa yaro a kyauta ko rabin kuɗi, kowane otal da nasa.

Amma Zanzibar ni ba zan ba ka shawarar kulle kanka a otal sati guda ba. Garin Musulmi ne, abinci halal ne kusan ko'ina, ga pilau ga biriyani ga kifi, ga kasuwar dare ta Forodhani a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, da ake gasa kayan teku a gabanka, duk abincin da ka ci a waje ka biya sau biyu kenan tunda na otal yana can yana jiranka. Gara ka raba, kwana biyu a cikin gari da karin kumallo kawai, sauran a Nungwi ko Kendwa a arewa inda ruwa ba ya janyewa da nisa kamar gabas wajen Paje. Kuma ka saka dala 44 ta inshorar dole da suka fara karɓa daga baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, ba ta cikin kuɗin otal. Ka guji Afrilu da Mayu, damina ce mai ƙarfi, shi ya sa za ka ga farashi ya faɗi. Sharm el-Sheikh da Hurgada na Masar ma batun fita waje ɗaya ne, idan niyyarka ka shiga jirgin ruwa zuwa Ras Muhammad ka ga kifaye, ko ka yi tafiyar awa huɗu zuwa biyar daga Hurgada ka ga Luksor mai kayan tarihin Fir'aunoni, waɗannan ranakun ba ka otal, ka cire su daga lissafi.

Kafin ka tura kuɗi ka sa su rubuto maka abin da ba ya ciki, a rubuce ba a waya ba. Yawanci lemun da ake matsewa a gabanka kuɗi ne daban, tausa daban, wanki daban, wasannin ruwa masu inji daban, gidajen abinci na musamman da ke cikin otal ɗin sau ɗaya ake bari a sati ko kuma sai ka ƙara kuɗi. Ka tambayi ƙarfe nawa fakejin ke ƙarewa ranar tafiya, da yawa sha biyun rana suke yanke robar, kai kuma jirginka sai tsakar dare. Idan a azumi za ka je ka tambayi sahur, kar ka ɗauka za su yi. Sannan ka karanta abin da baƙin watanni biyu uku da suka wuce suka rubuta a Tripadvisor ko Google game da abincin, ka fi duba hotunan da su suka ɗauka, saboda idan bufen ba shi da kyau kuma ka riga ka biya, shi za ka yi ta ci safe da rana da dare har ka bar wurin. A Masar da Turkiyya naman halal ba matsala bane, amma in ka nufi Meziko ko Jamaika ko Dominikan, wannan tambayar ita za ka fara yi tun kafin ta farashi.