Kurakuran da masu koyon ɗaukar sauti a lokeshin suka fi yi

Na gaji da jin "ai za a gyara wajen tacewa". Muryar da aka ɗauka a lalace, mai tacewa ba shi da abin da zai yi mata sai kwaskwarima.

Babban laifin shi ne nisa. Sabon shiga zai ɗora makirufo a kan kyamara, ya tsaya mita uku daga mai magana, ya ce a fara. Duk sanda tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin murya kan ragu da kusan dB 6 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), hayaniyar wurin kuwa tana nan daram. In ka ɗaga sautin daga baya, har da ita za ka ɗaga. Ɗaura makirufo a sanda, ka zuro shi ta saman kai, ka yi ta sauke shi har mai kyamara ya ce ya shigo hoto, sannan ka ɗaga kaɗan, kan makirufon na fuskantar bakin mai magana. Makirufon maƙalawa a riga kuwa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda mayafi ko sarƙa ba za su riƙa gogarsa ba.

Na biyu, wanda ya fi ƙona min rai, aiki ba hedifon a kunne. Na taɓa barin wani yaro da rikoda a hirar da ba za ta maimaitu ba. Ya rataye hedifon a wuya, ya zuba wa mitar sauti da ke jikin rikodar ido, yana ganin tana motsi. Ashe waya ce ta saki, ƙarar "zzz" ke kaɗa mitar tun daga farko har ƙarshe. Hirar ta tafi ke nan. Mita ƙarfi kawai take nunawa, ba ta san murya ba, ba ta san firij ba. Haba, kai da aka ɗauka don ka saurara, me ya raba kunnenka da hedifon?

Ni dai ina barin ƙololuwar murya wajen -12 dB, domin dariya ko tsawa na iya zuwa ba sallama, kuma in sauti ya bugi 0, wato ƙarshen mitar, ya fashe. Ina kashe tsarin da ke daidaita ƙarfi da kansa, don da mutum ya yi shiru sai ya jawo "shuuu" sama. Saitin ingancin ɗauka a rikoda kuwa, 48 kHz, 24 bit.

Sauran ƙanana ne. Soson kan makirufo ba ya tare iskar waje, sa wa makirufo riga mai gashi. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. In na kashe firij, makullina nake sawa a ciki don kada in tafi ban kunna ba. A tafa sau ɗaya gaban kyamara, haɗa sauti da hoto zai zo da sauƙi. Kafin a watse, kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 a ɗauki sautin wurin, da shi mai tacewa ke cike giɓi tsakanin jimloli.