Yadda ake hawa allon iska a teku ranar da iska ta ƙi zama wuri ɗaya

'Yan uwa mutanen Kano da ke zuwa Masar ko Maroko hutu, in kun je irin su Dahab a bakin Bahar Maliya ko Essaouira, za ku ga wasan nan na winsafin, allo ne kamar ƙaramin kwalekwale an kafa masa doguwar sanda da tanti, mutum ya tsaya a kai iska na jansa. Yana da daɗi wallahi, tun 1984 ma yake cikin gasar Olamfik. Amma ranar da iska ke bugowa tana sakewa, irin wadda ke zuwa mana gaban hadari a farkon damina, to wasan ya canza, kuma wannan ranar nake so mu yi magana a kai.

Da farko dan Allah in ba ka iya iyo ba kar ka hau, ka koya tun a nan Kano kafin ka sayi tikiti. Ko ka iya ma sai ka sa rigar ceto.

Kafin ka taɓa allo ka tsaya bakin ruwa ka kalli inda iskar ta dosa. In daga tudu take busowa tana yin cikin teku, ita ce mugu, domin ruwan gaba zai yi lumui kamar ba komai amma can ciki take tura ka kuma dawowa sai an sha wuya, irin wannan ba a shiga sai inda akwai kwalekwalen ceto yana sintiri. Ka tambayi masu ba da haya ƙarfinta nawa, da not suke aunawa, not ɗaya wajen kilomita 1.85 ne a awa. Ɗan koyo 8 zuwa 12 ta ishe shi. In ta haura 20 ka haƙura kawai, kar ka ce ai na biya kuɗin haya. Lokaci ma da bambanci, a Dahab da safe ta fi ƙarfi sai ta lafa da yamma, a Essaouira kuwa da rana take tasowa, musamman Yuli da Agusta.

Ka karɓi ƙaramin tanti, mai faɗin murabba'in mita 3.5 zuwa 4, da babban allo mai faɗi irin na lita 180 ko sama, da lita suke auna girman allo. Ka ce su ɗaure maka igiyar ƙasan tantin tamau, hakan na sa samansa ya riƙa zubar da iskar da ta yi yawa.

To ga abin da ya fi komai. Iskar nan ana ganinta kafin ta iso, za ka ga wani wuri a kan ruwan ya yi duhu ya yamutse yana tahowa. Da ka gan shi ka durƙusa kaɗan, ka miƙe hannun gaba, wato wanda ya fi kusa da doguwar sandar a kan mariƙin tantin, ka jingina baya nauyinka na kan ƙafar baya, in ta buga ta fi ƙarfinka sai ka sassauta hannun baya, tantin ya buɗe iska ta wuce. Hannun baya fa, ba na gaba ba! Wanda ya saki na gaba ko ya ce zai ja da ƙarfin ƙirji, tantin zai fizge shi ya wurga shi ta gaban allo, kuma nan ake fasa baki da sanda. Sannan bayan ta wuce sai ta mutu tsit na ɗan lokaci, in kana jingine sosai sai ka faɗa ta baya, don haka ka taso ka jawo tantin kusa da jikinka da wuri.

In ka faɗa tantin ya rufe ka, kar ka ruɗe, ka sa hannu ɗaya a ka, ka lalubi gefensa ka fito. Wajen ɗago shi daga ruwa kuma ka juya wa iska baya, ka ja igiyar ɗago tantin da ƙarfin ƙafafu, ba gadon baya ba, a nan mutane suka fi gajiya.

In hannu ya mutu, kar ka rabu da allon ko da gaɓa ta yi maka kusa a ido, shi ba ya nutsewa kuma shi masu ceto za su fara hangowa. Ka zauna a kai ka riƙa ɗaga hannuwanka biyu kana saukewa a hankali, duk mai aikin ruwa ya san alamar neman taimako ce.