Man fetur mai itanol da robobin hanyar mai: abin da makaniki zai duba

Tsohuwar mota mai karburato, irin Peugeot 504 da ake gani har yanzu a hanyar Tahoua zuwa Konni, ba a ƙera tiyon manta don fetur da aka gauraya da itanol ba, wato wani nau'in barasa da ake samu daga tsirrai. Idan irin wannan mai ya shiga cikinta, robar takan kumbura ta yi laushi. In motar ta daɗe a ajiye, sai robar ta bushe ta tsage, balle a zafin Afrilu da Mayu. Mafi yawan motocin da aka ƙera bayan 2000 suna jure E10, wato mai mai kashi 10 cikin 100 na itanol.

Man ruwa-ruwa na bakin hanya ba a rubuta abin da ke cikinsa, don haka a fara da gwaji. A zuba mililita 10 na ruwa a kwalba mai awo, a ƙara mililita 100 na fetur, a girgiza, a bar shi minti goma. Itanol yana bin ruwa. Idan ruwan da ya kwanta a ƙasa ya hau zuwa wajen 18, man yana da itanol kusan kashi 10.

Sai a bi tiyon daga tanki zuwa inji, a matsa shi da yatsa. Wanda ya yi taushi kamar ƙullu, ko ya bar baƙi a hannu, ya gama aiki. Ɓarɓashinsa ne ke toshe filta da ƙananan ramukan karburato. A duba fatar famfon mai ma, domin idan ta huje fetur yana zuba cikin baƙin mai, kuma za a ji warinsa a sandar awo.

Wajen sayen sabo, a karanta rubutun jikin tiyon. SAE J30R9 shi ne na mota mai injekta, inda matsin mai ke kai wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne). Guntun da ke nutse cikin tanki kuwa sai J30R10, don wani iri zai narke daga waje. Zobban robar injekta a nemi na Viton, wani nau'in roba mai jure fetur. Tiyon ruwa ko na iska ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan, komai arharsa.

Kafin a kwance tiyon mota mai injekta, a cire fiyus ɗin famfon mai, a bar inji ya mutu da kansa, a cire wayar batir ta negatif. Bayan an ɗaure, a tada motar minti biyar, a shafa farar takarda a kowace mahaɗa don a ga ko tana yoyo.