Yadda ake karɓar alherin baƙo a Makka da Madina, da yadda ake cewa a'a

Bayan la'asar a watan azumi, harabar Masallacin Annabi a Madina cike take da yara masu tare mutane. Yaro zai riƙe maka hannun riga yana cewa "tafaddal ya hajj", yana jan ka zuwa sufurar gidansu, wato doguwar ledar da aka shimfiɗa aka jera mata dabino, burodin shuraik, zabadi (kindirmo) da garin dugga (haɗin kayan yaji). A nan sabon zuwa kan yi kuskuren farko: ya fizge hannu, ya dafe aljihu, ya galla wa yaron harara. Tun a sansanin alhazai aka ja masa kunne a kan masu yankan aljihu, gargaɗin kuma yana kan hanya, sai dai wannan yaron lada aka aiko shi nema. Wani lokacin ma ɗan Hausawan Madina ne, kuma ya ji duk baƙar maganar da aka yi a kansa.

Idan za ka zauna, bi shi, yi sallama, zauna inda aka nuna maka. Kason da ke gabanka shi ne naka. Ana zuba dugga a cikin zabadi a juya, a dangwala burodi. Abin da ba ka iya ci, tura wa na kusa da kai tun ba ka buɗe ba, domin wanda aka buɗe aka yatsina fuska aka ajiye, shara zai tafi a kan idon wanda ya saya. Mintuna kaɗan ne tsakanin kiran salla da iƙama, saboda haka kama bakin leda a naɗe tare da kai.

Idan ba za ka zauna ba, kada ka wuce kamar ba ka ji ba. Tsaya, ɗora hannun dama a ƙirji, ka ce "jazakallahu khairan, ma'i jama'a", wato ina tare da mutane. Zai sake tayi sau biyu ko uku. Al'ada ce, ba naci ba, kai ma maimaita amsarka da sakin fuska.

Gahawa ta fi komai jawo rashin fahimta. Mai zubawa yana riƙe buta da hagu, ya miƙo finjali da dama, kai ma da dama za ka karɓa. Abin da zai zuba bai wuce sulusin finjalin ba. Masu cewa "wannan ai rowa ce" sun juya maganar: ɗan kaɗan ɗin shi ne girmamawa, cika finjali kuwa kamar an ce sha ka tashi ne. Ba ta da sukari, dabino ne abokin shanta. Muddin ka miƙa finjali haka kawai, ƙara maka za a yi, kuma mutane da yawa kan ƙosa a nan su daka tsawa. Idan ka ƙoshi, karkaɗa finjalin kaɗan tsakanin yatsu kafin ka miƙa, ka ce "bas, akramakallah". Ɗaya zuwa uku shi ne abin da aka saba. Ko ba ka shan gahawa, karɓi na farko ka kurɓa, sai fa in rashin lafiya ta hana, ita ma a faɗa.

A kula da tsaki. Balarabe kan ɗaga gira ya yi ɗan ƙyas da harshe, ma'anarsa a'a kawai, kada ka ɗauka zagi ne. Dogon tsakinmu kuwa ko'ina raini ne.

Mutum zai iya matso da kwalbar turare ya nemi shafa maka a bayan hannu. Anas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya mayar da turare, don haka miƙa hannu. In ka ɗaura harami ne kawai za ka janye, ka ce "ana muhrim", shi ma zai ba ka haƙuri.

Akwai hidimar da ba kyauta ba ce, kuma rashin bambancewa ne ke sa mutum ya gwale mai kirki ko ya yi rigima da mai sana'a. Mai tura keken guragu kuɗi yake karɓa, haka mai miƙo almakashi a wajen Marwa sau da yawa. Tambaya ɗaya ta raba gardama, a kuma yi ta kafin hannu ya taɓa kayan: "sabil walla bi fulus?", wato sadaka ce ko da kuɗi. In ya ce sabil, karɓa da addu'a. Kada ka zaro riyal ka cusa masa, ka ɓata masa niyya.

A Mina da Arafa rashin kunyar takan zo ta wata fuskar, wato wawaso. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, ruwa a irin wannan rana rai ne. Ɗauki gora ɗaya ko biyu ka ba na baya wuri. Mai rungumar shida yakan yar da huɗu kafin Jamarat saboda nauyi. Jami'in da ya fesa maka ruwa a fuska shi ma taimako yake yi, in ba ka so, ɗaga tafin hannu ya isa.

Hajiya da namiji ya miƙo wa kujera ko ruwa ba sai ta tsaya hira ba, "jazakallahu khairan" ta wadatar. Idan kuma dattijon da kuke tare ne ya hankaɗe hannun mai kyauta, kada a yi masa faɗa a gaban jama'a. Karɓi abin a madadinsa, ka ce wa mai bayarwa "samihna, ta'aban", wato a yafe mana, ya gaji. Shi kuma Baba a bari sai an koma masauki ya huta, sannan a ce, "Baba, ashe mutumin nan sadaka yake rabawa."