Kurakuran da na gaji da gani wajen haɗa sandar fatsa ta teku

Na san abin da za ku fara cewa, mutumin Damagaram, garin da ruwan sha ma sai an bi ƴan ga-ruwa da bidon, me ya haɗa shi da teku. To ku yi dariyarku ku gama. Shekaru na yi ina bin hanyar Kwatano harkar motoci, Doso, Gaya, a ƙetare gada a shiga Malanbil, Paraku, sai bakin ruwa, kuma duk wanda ya taɓa jiran takardun mota su fito ya san irin zaman da ake yi, sati 2 sati 3 kana Zongo ba abin yi sai shayi da karta. A can na koyi fatsa, kan duwatsun nan da aka jera suka shiga cikin teku. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 yaranmu da yawa Lome suka koma, sun ga mutane na jefa ƙugiya, abin ya shiga ransu, sai su yi odar sanda tsirara, wadda ba a ɗora mata komai ba, ta waya, su kwaso zobba da zare su zo gida su haɗa, in ta lalace kuma a kawo min wai Yaya duba mana. Watan nan kaɗai sanda 3 aka kawo, kuma duka ciwonsu ɗaya. Shi ya sa na ce bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Zobba zan fara da su don su suka fi ci min kuɗi da rai. Zobban nan da zaren kamu ke bi ta cikinsu, yaro zai kashe kuɗi mai kauri a kan sanda, ya zo wajen zobe ya ce ai duk ƙarfe ne, ya ɗauki masu ƙyalli na araha. Ni ma haka na yi a sandata ta farko. Sati 2 kawai, sai ga wani jan ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin naɗin zaren da ke riƙe zobe a jikin sanda kamar an zuba jar kanwa, tsatsa ce ta ci ƙafar zoben daga ciki inda ido bai gani. Ruwan teku wajen giram 35 na gishiri ne a kowace lita 1, kuma ba sai sanda ta faɗa ruwa ba, iskar wurin ma gishiri gare ta. Ku da ke Lome ba sai an yi muku dogon bayani ba, ku je bakin teku ku kalli ragowar gadar jirage ta zamanin Turawa, Jamusawa suka yi tasu a 1904, Faransawa suka yi wata a 1928, ku ga yadda gishiri ya mayar da ƙarafan nan masu kaurin mutum, sannan ku dawo ku kalli ɗan zobenku.

Abin da ake nema inoks ne, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 316, ko titaniyom in aljihu ya yarda, cikin zoben kuma ya zama na tangaran, kuma mai ƙafa 2 ba ƙafa 1 ba. Na kamfanin Fuji na Japan su aka fi sani, amma jabunsu ya cika duniya, sunan da ke kan leda ba hujja ba ne. Ni ga yadda nake yi, ban ce kowa ya yarda ba. Ina kara musu mayen ƙarfe, wanda ya manne gam na ajiye shi gefe. Sauran in jiƙa gishiri giram 35 a lita 1, in tsoma su in rataye, gobe in sake, har kwana 5. Wanda ya fito da ɗigon ja ba ya hawa sandata. Sannan in ja ɗan auduga ta cikin kowane zobe, in ta maƙale to tangaran ɗin ya tsage ko da ido bai nuna ba, kuma shi ne zai yanke maka zare ranar da babban kifi ya zo.

Amma ba tsatsa ce ta kashe sandar nan ba, ni na kashe ta. Ƙafar zobe in ta fito daga kamfani bakinta da kauri, ƙasanta wani lokaci da ɗan kaifi, sai ka sa magagari ka sirantar da bakin yadda zare zai hau ba tangarɗa, ka goge ƙasan ya yi sumul, ka gwada a kan farcenka in ya karce to da saura. Ni ban yi ba, sauri nake. Wata safiya bayan asuba wani kifi da ƴan can ke kira karang ya ɗauki ƙugiya, mulune, wato abin da ke naɗe zaren kamu, na ta kuka zare na fita, ni kuma zuciya ta hau na ɗaga sanda sama sosai har kanta ya wuce keyata, sai ji na yi ƙas. Ta karye daidai gindin zobe na 3, kifi ya tafi da rabi, na tsaya riƙe da guntu kamar mai kora awaki. Akwai wani dattijo ɗan Zongo da kullum nake iske shi wurin, haifaffen can ne amma Hausarsa ras, ya karɓi guntun ya sa farce ya bi bakin karayar, ya ce yaro ba kifi ya karya ta ba, kai ka yanke ta tun a ɗaki. Na ce Baba kamar yaya. Ya nuna min wani ɗan layi siriri inda ƙafar zoben ta dinga cin jikin sandar duk lokacin da ta lanƙwasa. Ban ci abincin rana ba ranar, wallahi. Tun daga nan ba na ɗora zobe a kan sanda tsirara, sai na fara shimfiɗa naɗin zare ɗaya a ƙasa ya zama katifa, in ɗora ƙafar, in sake naɗewa a sama. Wasu na cewa yana ƙara nauyi. Ya ƙara.

Kuma wannan ɗaga sandar da na yi shi ma laifi ne mai zaman kansa. In kana kan gada ko kan dutse ruwa na can ƙasa metir 3 ko 4, sanda ba ƙugiyar ɗaga kaya ba ce, aikinta ta gajiyar da kifi. Ni tsohon ƙarfen tayar keke na ɗinke da koma na ɗaura masa igiya 3, in kifi ya gaji in zura in kwaso shi.

Yanzu sai maganar kol, wato gam ɗin da ake shafa wa naɗin zare, a nan ne raina ke ɓaci da ku. Wai don Allah wa ya ce muku kol ɗin nan mai bushewa a minti 5 da ake sayarwa a kasuwar Dole ta nan Damagaram shi ake shafa wa naɗin zare? Wannan na liƙe abu ne, kafin ya ratsa zaren ya daskare, rana ta buge shi ya koma rawaya ya tsattsage, ruwan gishiri ya samu ƙofa. Ɗaya daga cikin yaran ma ɗan ƙaramin kol ɗin nan na liƙe takalmi ya ɗiga, naɗin ya yi fari fat ya bushe kamar ƙanzo. Akwai epoksi na musamman na naɗin sanda, kwalba 2 ne da ake haɗawa, ɗaya na sa shi tauri, ruwa-ruwa, yana daɗewa bai kama ba kuma in ya bushe yana lanƙwasa tare da sandar. Shi za ka yi oda tare da zobban tun farko, kar ka bari sai ka zo gida ka fara yawon butik.

In ka same shi ma ba ka tsira ba. Awo daidai wa daida ne, wannan 3 wancan 3, da sirinji ba da ido ba. Masu cewa bari in ƙara na taurin don ya yi saurin bushewa, ba zai bushe ba har abada, haka zai zauna yana danƙo yana kama ƙuda. Sirinjin kantin magani mai baƙar roba a ciki shi ma ku yi hankali, akwai ɗan man silikon a jikinsa, in ya shiga kol sai ka ga ya yi ramuka kamar idon kifi. A juya a hankali minti 3, ba kamar mai dama fura ba, don kar kumfa ta shiga, sannan a zuba a kan takardar alminiyom ya baje, haka ya fi jimawa bai kama ba.

Sai kuma garin namu da halinsa. Masu bidiyon da kuke kallo a YouTube suna cikin ɗaki mai sanyi ba ƙura, mu kuwa watan 4 da na 5 zafi ya wuce digiri 40, kol ɗin da ya kamata ya ba ka lokaci sai ka ga ya fara kauri kana zobe na 2. Da hunturu kuma hazo, ka shafa ya yi kyau kamar gilas ka juya baya ka dawo ya koma takardar goge katako. Ni bayan sallar asuba nake yi, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, in toshe taga, in dama kaɗan kaɗan na zobe 2 ko 3, in na gama in kifa dogon kwali a kai. Kuma sai an yi ta juya sandar, in ba haka ba kol ya taru a ƙasa. Akwai ɗan inji mai juya ta a hankali, na taɓa haɗa nawa, ran da na dogara da shi na je na kwanta aka ɗauke wuta, na tashi na iske kowane zobe da ɗigo rataye a ƙasansa kamar hancin yaro mai mura. Kwana 2 na yi da reza ina kankarewa, ina tsoron kar in taɓa jikin sandar, ƙarshe zobe 4 sai da na kwance na sake naɗi daga farko. Yanzu da hannu nake yi, kwali 2 na yanka musu baki na ɗora ta, rabin juyi duk minti 5 a awa ta farko, daga nan duk minti 15 har awa 3 ko 4, da shayina da rediyo. Kar ka sa yatsa ka ga ko ya bushe, ragowar da ke kan alminiyom ɗin ita za ka taɓa. Ka ba ta awa 24 kafin shafi na 2, ni kuma sai ta yi sati kafin ta ga ruwa. A kulle ɗakin, don yaran gida sai sun taɓa, tambarin yatsan autana na nan a wata sandata har yau.

Sauran ƙanana ne amma ku ji. Zaren tela na auduga ba ya yi, nailan na naɗin sanda ake so, mai kauri da suke sa wa harafin D. Tsawo kuma, kun ga masu jefawa daga kan rairayi da sanda metir 4 kun ce ku ma ita, a kan gada metir 2 da rabi zuwa ƙasa da 3 ya isa, doguwa sai dai ka tsone wa na kusa da kai ido. Ɗan koyo ya fara da ta zaren gilas ko mai gauraye, ta karbon zalla ba ta da nauyi amma in ta bugi dutse sau ɗaya ta riƙe a ciki sai ranar kunya ta fito da shi. Karbon na ɗaukar wutar lantarki, kar ka ɗaga ta tsaye kana ratsa lungunan Birni ƙarƙashin wayoyi, in hadari ya taso kuma a kwantar da ita.

Jeren zobba kar ka kwafi awon wani, sanda kowace da lanƙwasarta. Kusan zobe 1 a duk santimetir 30 ban da na kai, ka liƙa su da sikoc na takarda tukuna, ka zura zare ka ɗaure a ƙafar gado ka ja, inda zaren ya yi kwana mai kaifi ka matsar ko ka ƙara. Maganar nemo ƙashin bayan sanda, wato ka lanƙwasa ta kana mirginawa har ta yi tsalle ta zauna gefe ɗaya, masu yin abin ma ba su daidaita ba, wasu sun ce a bi inda ta fi miƙewa kawai. Ni ina nema don minti 2 ne, amma ban taɓa ganin kifin da ya kuɓuce saboda shi ba.

Mazaunin mulune, in ka cike tsakaninsa da sanda da naɗin sikoc to ka lulluɓe sikoc ɗin da kol ko'ina, in ruwa ya same shi ya ruɓe sai mazaunin ya fara juyi a hannunka. Ka ɗan karce wurin ka goge da alkol kafin ka liƙa, kuma kar alminiyom ya zauna kai tsaye a kan karbon, da gishiri suna cin juna. Zoben kai da kol na kyandir ake sa shi don a iya canzawa, a ɗumama kol ɗin da birike ba kan sandar ba. In ka dawo daga teku ka wanke da ruwan daɗi ranar, ba gobe ba.

Kafin a yi doguwar tafiya da ita ni tafkin Gidimuni nake kai ta, in ɗaura dalma giram 100 in yi ta jifa, in Allah ya sa tarwaɗa ta kama a samu na miya. In za ta ba ka kunya gara ta ba ka a nan kusa da gida. Sannan a zura ta cikin tiyo na roba mai tauri a toshe bakin 2 kafin a miƙa wa yaran mota, don su buhun albasa za su ɗora mata ba ruwansu.

Ta ƙarshen da aka kawo min tana nan jingine bayan ƙofa, sati 3 ke nan har yanzu danƙo take. Na tambayi mai ita da me ya auna, ya ce Yaya da murfin kwalba. Na ce ya zo ran Alhamis in ya taso daga kasuwa, ya taho da reza fakiti 1 da sukarin shayi, zobe 9 ne kuma shi zai kankare da hannunsa.